Jinya a gida ko tafiya asibitin dabbobi: zaɓin mai 'yar kyanwa marar lafiya a karkara

A ƙauyukan ƙasar Gaya da na maƙwabtanmu na Jigawa, ana ajiye mage ne saboda aikinta. Da zarar an gama kaka an zuba gero da dawa a rumbu, an jera buhunan wake da gyaɗa a ɗaki, gidan da babu mage shi ne gidan da ɓera da gafiya suke cin rabonsu tun kafin masu gida su ci. Wannan ya sa idan 'yar kyanwa mai wata biyu ko uku, wadda aka roƙo daga maƙwabta ko aka haifa a bayan rumbu, ta wayi gari ta ƙi abinci ta lafe a lungu, damuwar ba ta tsayawa ga yaran da suka saba wasa da ita. Mai gida ma yakan yi tunani, kuma nasa tunanin ya fi na yara nauyi, domin shi zai auna kuɗin mota, da yinin da zai rasa a gona ko a kasuwa, da dariyar da za a yi masa a tasha idan aka ji kukan mage daga cikin kwali.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko dai ya yi mata jinya a gida da abin da ya sawwaƙa, ko ya ɗauke ta zuwa asibitin dabbobi a gari, ko kuma ya bi hanyar da aka fi sabawa da ita, wato ya aiki yaro kemis ko ya kira wanda yake yi wa awakin unguwa allura. A ganina babu wadda ta fi 'yar'uwarta a kowane hali tsakanin biyun farko, irin cutar ce take nuna wadda za a bi, kuma alamun da ake gani a yinin farko galibi sun isa a rarrabe. Ta ukun kuwa, duk da ita ce mafi sauƙi da araha, ita ce mafi haɗari.

Cutar da ta fi cancanta a ji tsoronta a 'yar kyanwa ita ce wadda likitocin dabbobi suke kira fanlukofeniya, wato ƙarewar fararen ƙwayoyin jini. Ƙwayar bairos ta dangin farbo ce take haddasa ta, 'yar'uwar wadda take sa 'yan kwikwiyo gudawar jini. Wannan bairos yana neman wuraren da ƙwayoyin halittar jiki suke saurin hayayyafa, musamman bangon hanji da ɓargon ƙashi. Sai ya saɓule cikin hanjin har ya kasa tsotse ruwa da abinci, a lokaci guda kuma ya hana ɓargo samar da fararen ƙwayoyin jinin da suke yaƙi da cuta. Abin da ke biyo baya shi ne dabbar tana zubar da ruwan jikinta ta sama da ta ƙasa, sannan ƙwayoyin bakteriyar da suke zaune a hanji su ratsa cikin jini babu mai tare su. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7, wani lokaci har kwana 14. Ta fi kama masu wata 2 zuwa 6, saboda kariyar da 'yar kyanwa ta samu daga dakashin uwarta tana gushewa wajen mako na 8 zuwa na 12, ta bar ta babu garkuwa idan ba a yi mata rigakafi ba.

Alamunta ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san abin da zai duba. Da farko jiki yakan yi zafi ya kai digiri 40 ko ya haura, alhali zafin jikin lafiyayyar mage yana tsakanin 38 da 39. Sai ƙin abinci kwata-kwata, sai amai mai kumfa ko mai launin rawaya, gudawa mai wari kuma takan zo daga baya, wani lokaci da jini. Akwai wani zama da takan yi wanda duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa: ta je bakin kwanon ruwa ta duƙa, ta sunkuyar da kai a kansa, ƙishirwa na damunta amma ba ta sha. Idan aka tsunkulo fatar ƙeyarta aka sake, maimakon ta koma nan take sai ta tsaya a tsaye, dasashinta kuma ya bushe yana danƙo. Wurin da ake yawan yin kuskure shi ne lokacin da jikin ya yi sanyi, kunnuwa da tafin ƙafa suka huce. Mutanen gida sai su yi hamdala su ce zazzaɓi ya sauka, alhali a wannan cuta sanyin jiki bayan zafi alama ce ta cewa ƙarfi ya ƙare. Wasu 'yan kyanwoyin ma sukan mutu cikin yini guda kafin gudawar ta bayyana, kuma irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ce take sa a zargi maƙwabci da zuba guba, a ɓata zumunci a kan abin da ba shi da hannu a ciki.

To, a nan me asibiti ya fi gida da shi? Ya kamata a faɗi gaskiya tun farko cewa likita ma ba shi da maganin da yake kashe wannan bairos. Abin da yake yi shi ne ya riƙe ran dabbar har jikinta ya farfaɗo ya yi yaƙin da kansa. Yana yi mata ƙarin ruwa ta jijiya ko ta ƙarƙashin fata, ya yi mata allurar tsayar da amai, ya ba ta maganin kashe bakteriya ta allura saboda waɗanda suka shiga jini, ya ƙara mata sukari idan ya yi ƙasa. Inda ake da kayan aiki, ana iya gwada kashinta da ɗan abin gwajin nan da ake amfani da shi wajen gano farbon karnuka, ko a ƙirga fararen ƙwayoyin jininta. Mai jinya a gida kuwa ƙofa ɗaya tak yake da ita ta shigar da ruwa jikin dabbar, wato baki, kuma amai ya riga ya rufe wannan ƙofar. Duk abin da ya ɗura zai dawo, kuma kowane amai yana tafiya da ruwan da ya fi wanda aka ba ta. 'Yar kyanwa mai wata uku nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, don haka ba ta da ajiyar da za ta jure kwana biyu a haka. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Idan ba a yi magani ba, mutuwa a cikin ƙananan kyanwoyi tana iya kaiwa 90 cikin 100. Ko da an kai asibiti ana rasa da yawa, kuma wanda zai kashe kuɗin motarsa ya dace ya san haka kafin ya tashi, amma wadda ta tsallake kwanaki biyar na farko galibi takan warke, kuma ba ta sake kamuwa da cutar.

Saboda haka idan aka ga amai ya maimaitu, ga ƙin ruwa, ga lafewa, a 'yar kyanwar da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, tafiya ce ta dace, kuma ranar ce, ba a jira ranar kasuwa don a haɗa tafiya biyu ba.

Na san akwai gidajen da tafiyar ba za ta yiwu ba, ko don rashin kuɗi, ko don damina ta yanke hanya, ko don mai gida ba ya nan kuma uwargida ba za ta iya fita ba. Irin wannan gida ba sai ya zuba ido ba. A keɓe ta a ɗaki ko a kwali mai faɗi nesa da sauran maguna, a shimfiɗa mata tsumma, idan da sanyi a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da zane a ajiye kusa da ita. A haɗa ruwan gishiri da sukari na leda irin wanda ake ba yara masu gudawa, leda ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ɗiga mata mililita 1 ko 2 da sirinji marar allura ta gefen baki, a kai a kai, ana ba ta lokaci ta haɗiye. Idan ta yi amai a dakata na ɗan lokaci sannan a sake gwadawa da ƙasa da haka. Idan ta galabaita a shafa mata zuma kaɗan a dasashi, amma wadda ba ta iya ɗaga kai kada a ɗura mata komai, domin ruwan zai bi ta huhu. Kada a ba ta nonon shanu ko madara, suna ƙara gudawa. Idan amai ya tsaya, a fara da dafaffen naman kaza ko kifi marar ƙaya, babu yaji, babu albasa, babu tafarnuwa, don waɗannan biyun na ƙarshe suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage. Keɓewa kuma ba ta nufin a kulle ta a manta. Kowa a garin nan ya ji hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya rufe ta ya ɗauki nauyin leƙa ta dare da rana.

Akwai kuma cutar da jinyar gida ta fi dacewa da ita, kuma ana yawan ganinta, wato murar maguna, wadda bairos iri biyu suke kawowa. Alamunta atishawa ne, da majina, da kwantsar da take manne ido, wani lokaci da gyambo a harshe har dabbar ta riƙa dalalar da miyau. Kallonta yana da ban tausayi ƙwarai, har ma ta fi mai fanlukofeniya muni a ido, amma muddin tana ci tana sha, ba ta amai, ba ta numfashi da baki buɗe, wahalar babur da ƙurar hanya ba za su ƙare ta da komai ba. A riƙa goge mata ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi, a kare ta daga iskar hunturu da hayaƙin murhu, a ɗumama mata abinci mai ƙamshi kamar kifi, domin mage ba ta cin abin da ba ta ji ƙamshinsa ba, kuma toshewar hanci ce take hana ta ci. Yawanci takan samu sauƙi cikin mako ɗaya zuwa uku. Lissafin yana canzawa ne idan ta yi yini guda cur ba ta ci komai ba, ko idon ya kumbura ya rufe ko ya yi fari-fari, ko numfashi ya yi wuya. A nan ma sai likita, don idon yana iya mutuwa.

Hanya ta uku ce nake so mai karatu ya fi yin hattara da ita. Farasitamol, wanda muke ba kowa a gida daga yaro har tsoho, guba ne ga mage, saboda hantarta ba ta da isasshen sinadarin da yake narkar da shi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babban muzuru, balle 'yar kyanwa. Na taɓa ganin haka a gidan wani ɗan'uwana. Yaronsa ya ga jikin kyanwarsa da zafi, ya ɓalli rabin ƙwaya ya jiƙa ya ɗura mata, da kyakkyawar niyya. Da yamma ya zo ya same ni ya ce, "Baffa, zo ka ga, fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi baƙi." Ba ta kai washegari ba, kuma ciwon da take da shi tun farko mura ce kawai. Haka ma allurar aibamektin da ake yi wa awaki da tumaki don tsutsa da ƙaiƙayi: ana auna ta ne da nauyin dabba, kuma hannun da ya saba da akuya mai kilo 25 zai yi wuya ya auna daidai ga dabba mai kilo ɗaya, inda ɗigo kaɗan yake raba magani da guba. Maganin kaska da ƙuma na shanu da karnuka, musamman mai sinadarin famitirin, yana sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Dettol da Izal ma, waɗanda ake ɗauka tsabta ce zalla, suna cutar da ita idan aka yi mata wanka da su ko ta lashe su a ƙafarta, kuma ba sa kashe bairos ɗin farbo.

Sai dai adalci shi ne a bambanta mai allurar kasuwa da malamin dabbobi wanda ya yi karatun abin, irin waɗanda suka fito daga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ko tsohuwar takwararta ta Haɗejiya, wadda daga baya ta zama Binyaminu Usman Polytechnic, suke aiki a sashen dabbobi na ƙananan hukumomi. Shanu da awaki da kaji ne aikinsu na kullum, amma sun san awon magani bisa nauyi, sun iya sa ruwa a ƙarƙashin fata, kuma suna da lambobin likitocin da za su kira su ji shawara. Ga wanda Kano ko Dutse ta yi masa nisa, wannan ita ce matsakaiciyar hanya mai ma'ana, kuma ta fi jinyar gida kaɗai nesa ba kusa ba.

Kumburin ciki a 'yar kyanwa yawanci tsutsar ciki ce, wadda maganinta yake da sauƙi da araha idan wanda ya sani ya auna shi. Amma idan cikin yana ta girma a hankali cikin makonni, bayan yana ramewa, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, akwai yiwuwar cutar da ake kira FIP, wadda wani nau'in korona na maguna yake haddasawa, kuma ta fi kama masu ƙasa da shekara 2. Ruwa mai danƙo, rawaya, yana taruwa a cikin. A da kusan duk wadda ta kamu mutuwa take yi, har zuwa 2019 lokacin da Niels Pedersen da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin maganin GS-441524, wanda ya warkar da mafi yawan magunan da aka gwada shi a kansu. Ana ba da shi kullum har mako 12, kuma yana da tsada ƙwarai. Amfanin zuwa asibiti a nan shi ne a tantance tsutsa ce ko wannan, don kada a yi ta ɗura wa dabba magungunan da ba za su yi mata komai ba.

Hali ɗaya ne ba a ɗaukar kyanwar a kai ta ko'ina, kuma ba a yi mata jinyar hannu. Idan halinta ya sauya farat ɗaya, mai sanyin hali ta koma cizo da yakushi babu dalili, muryarta ta canza, miyau na zuba, ƙafafun baya suna shanyewa, musamman idan kare ya taɓa cizonta, a yi zaton ciwon haukan kare, domin mage ma tana kamuwa da shi. Fanlukofeniya da murar maguna da FIP ba sa kama mutum, wannan kuwa yana kamawa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. A kife ta da kwando ko a rufe ta a ɗaki ba tare da an taɓa ta ba, a riƙa tura mata ruwa da abinci daga nesa, a sanar da malamin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya tafi asibitin mutane a ranar don allurar rigakafi. A ƙa'ida ana sa ido a kan dabbar da ta yi cizo har kwana 10, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara yi wa mutum allura idan dabbar tana nuna waɗannan alamu.

Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya fara kiran waya. Asibitocin dabbobinmu sun fi sabawa da dabbobin kiwo, don haka ya tambaya ko akwai likitan da zai duba mage a ranar, da ko suna da ruwan ƙari da ƙananan allurai. Daga Gaya, Dutse ta fi Kano kusa. A birnin Kano akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da kuma masu zaman kansu, idan abin ya fi ƙarfinsu kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A sa ta a kwalin da aka huda wa ramukan shan iska, ba a buhu ba, a tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, a tafi da ɗan kashinta a ƙulle a leda, kuma tun daga ƙofa a faɗa musu tana amai da gudawa don kada a ajiye ta kusa da wasu.

Ko ta warke ko ta mutu, aikin gida bai ƙare ba idan fanlukofeniya ce. Wadda ta warke tana iya ci gaba da fitar da bairos a kashinta har mako 6, shi kuwa bairos ɗin yana iya rayuwa a wuri shekara guda ko fiye. Abin da yake kashe shi shi ne bilic irin Hypo ko Jik, kashi 1 a cikin kashi 32 na ruwa, bayan an fara wanke dattin da sabulu, a bar shi ya jiƙa minti 10 kafin a ɗauraye. Wannan yana aiki a kan kwano da siminti, amma ba ya aiki a daɓen ƙasa, wanda shi ne a yawancin ɗakunanmu. A can sai dai a kankare saman ƙasar da ta ɓata a binne, a ƙona tsummokara da kwalin, gawar kuma a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a roƙo wata 'yar kyanwar bayan mako biyu don ɓera ya dawo rumbu, ita ma ta bi ta farkon, har a fara cewa gidan ba ya riƙe mage. Idan dole ne a kawo wata, babbar mage ta fi ƙarama jurewa, wadda aka gama yi wa rigakafi kuma ta fi duka.

Allurar rigakafin ta haɗa fanlukofeniya da bairos biyun nan na mura a kwalba ɗaya. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har dabbar ta kai mako 16, sannan a ƙara ɗaya kafin ta cika shekara ko daidai cikarta. Ta haukan kare daban take, ana yin ta daga wata 3. Ba a yi wa marar lafiya rigakafi, kuma irin mai rayayyen bairos ba a yi wa mage mai ciki, domin yana taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yan su fito suna tangaɗi. Matsalar karkara ita ce sanyi, saboda dole allurar ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, wadda ta yini a rana a kan tebur a kasuwa kuwa ta riga ta lalace ko da kwalbar tana nan sabuwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne gidaje huɗu ko biyar masu 'yan kyanwoyi su haɗa kuɗin mota, malamin dabbobi ya zo da allurar a cikin kula mai ƙanƙara ya yi musu rana ɗaya, a kuma rubuta ranar da zai dawo don ta biyu.